Nazarin lamari: ɗinkin ƙaba ya yi mugunya a Agege, aka gano ƙwayar cutar a cikin kwalbar maganin goge fata

Aikin ƙaba yana cikin ayyukan tiyata da likitoci ke ɗauka a matsayin masu tsabta, domin ba a buɗe hanji, ba a taɓa mafitsara, fata kawai ake yankawa da naman da ke ƙarƙashinta. Saboda haka idan irin wannan ɗinki ya yi mugunya a jikin mutum mai ƙarfi, wanda ba shi da ciwon suga ko wata cutar da ke raunana garkuwar jiki, dole ne a tambayi inda ƙwayar cutar ta fito. Wannan lamari ya faru ne a wani matsakaicin asibiti mai zaman kansa a yankin Agege da ke Legas, wanda Hausawan unguwar da fataken dabbobi na mayankar Oko-Oba suke yawan zuwa saboda akwai ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa a cikinsa. An sakaya sunan asibitin da na duk wanda abin ya shafa.

Majinyacin

Magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mutumin ƙasar Sakkwato, yana dako a kasuwar Mile 12, inda yake sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir daga manyan motocin da ke zuwa daga Arewa. Ƙabar ta daɗe a gefen mararsa na dama, tana fitowa in ya ɗaga kaya, tana komawa in ya kwanta, har ta kai ga tana hana shi aiki. Yayansa da ke zaune a Agege ne ya kawo shi asibiti, abokan sana'a suka yi karo-karo aka biya kuɗi. An kwantar da shi da yamma, aka aske wurin da reza a daren, washegari aka yi masa allurar kashe rabin jiki ta gadon baya, aka gyara ƙabar da zare ba tare da an sa ragar da ake dasawa domin ƙarfafa wurin ba. Aiki ya tafi lafiya. Kashegari aka buɗe bandejin a ɗakin kwanciya, aka goge gefen ɗinkin da auduga, aka sake rufewa, sannan aka sallame shi.

A kwana na biyar zazzaɓi ya kama shi, wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana tsattsafo da ruwa. Kamar yadda aka saba, kemis aka fara zuwa, aka sayo masa kafson da ke haɗe da ampisilin da kuloksasilin, ya sha, abin sai gaba yake yi. Da aka dawo da shi, likita ya warware wani sashe na ɗinkin, mugunya ta fito, aka ɗebi samfur aka aika wani ɗakin gwaje-gwaje na waje, aka wanke raunin da ruwan gishiri na asibiti, aka bar shi a buɗe domin ya warke daga ciki.

Zargin farko a kan majinyacin ya faɗa. Wasu ma'aikata suka ce ɗan dako ne, ɗakin da yake kwana cunkushe yake, ƙila ya jiƙa wurin ko ya shafa masa maganin gargajiya. Yayan ya ji abin da ake faɗa, ya sami ma'aikaciyar jinyar ya ce mata: "Malama, mu fa da ƙafarsa muka kawo shi, ba abin da ke damunsa sai ƙabar nan. In abin ya fi ƙarfinku ku gaya mana, mu kai shi gida." Ita kuwa ta ce: "Malam, ku yi haƙuri ku bar shi mu ga sakamakon gwaji. Tafiyar Sakkwato a mota da buɗaɗɗen rauni ba za ta yi masa kyau ba." Da ƙyar ya amince.

Sakamakon ya nuna bakteriyar da ake kira Serratia marcescens. Wannan ya ba likitan mamaki, domin a aiki mai tsabta irin na ƙaba, wadda aka fi samu ita ce Staphylococcus aureus, mai zama a fatar mutum da cikin hancinsa. Ita Serratia mazauninta wuri mai danshi ne: bakin famfo, magudanar kwamin wanke hannu, ruwan sabulu, kwalaben magani. A halittarta ma ampisilin ba ya yi mata komai, haka kuloksasilin, wanda ya bayyana dalilin da kafson kemis bai yi amfani ba. Gwajin ya nuna tana jin siprofuloksasin da jentamaisin, aka sauya masa magani, zazzaɓin ya sauka, raunin ya riƙa cikowa har ya rufe bayan wasu makonni. Ya warke sarai, sai dai zaman da ya yi ba ya ɗaukar kaya ya zarce abin da aka faɗa masa tun farko, kuma ga mai cin abincin yau da aikin yau wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Mutum uku, ƙwaya ɗaya

Da maganar ta tsaya a nan, amma ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen ya lura cewa a makonnin baya ya rubuta wannan suna sau biyu a takardun da suka fito daga asibitin nan. Duka biyun mata ne da aka yi wa tiyatar haihuwa, ɗaya Bayarabiya, ɗaya Bahaushiya, kuma jerin magungunan da ƙwayar ke ji da waɗanda ba ta ji iri ɗaya ne a duka ukun. Mutum uku daga unguwanni daban-daban, likitoci biyu, ayyuka iri biyu. Abin da ya haɗa su bai wuce ɗakin tiyata da tiren wankin rauni ba. Wannan ya wanke ɗan dakon daga zargi.

Mai asibitin, wanda shi ma likita ne, ya yanke hukunci da wuri. A ganinsa ƙwayoyin cutar asibiti sun saba da maganin goge fatar da ake amfani da shi, ya daina kashe su, don haka sai a koma sayen kuloheksidin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari a cikin sifirit, irin wanda ke zuwa a ƙunshe ana amfani da shi sau ɗaya a yar, a kuma ƙara kuɗinsa a kan na aiki. Shugabar ma'aikatan jinya ta nemi a dakata, a fara tsayawa a ga yadda ake shirya fatar da idanu, daga ɗakin ajiya har zuwa teburin tiyata.

Abin da aka gani

Asibitin yana sayen haɗin kuloheksidin da setirimaid mai kauri a galan, irin mai kashi 1.5 cikin ɗari na farkon da kashi 15 na biyun, wanda sai an sirka shi kafin a yi amfani da shi. Mai shara da goge-goge ce aka ɗora wa aikin sirkawa. Ba ta da kofin awo, ba wanda ya rubuta mata adadi, da ido take duba launi, in ya yi fatsi-fatsi daidai yadda ta saba gani sai ta tsaya. Ruwan da take zubawa daga tankin da ke saman bene yake, wanda ake cikawa daga rijiyar burtsatse, wani lokaci kuma daga tankar masu sayar da ruwa, kamar yadda yawancin gidajen Legas suke yi. Mafi muni shi ne babbar kwalbar robar da ake zuba haɗin ba a taɓa barin ta ta ƙare. In ta yi ƙasa sai a ƙara sabo a kan saura, ba a juye ta, ba a wanke ta, ba a bar ta ta bushe, kuma babu kwanan wata a jikinta. Daga wannan kwalba ake ɗiba zuwa ɗakin tiyata, daga ita ake cika kwanon da ake jiƙa dunƙulen auduga tun safe a ɗakin kwanciya, daga ita kuma ake cika tulun da ake tsoma hantsakin ɗaukar kayan aiki.

A teburin tiyata tsarin shi ne a goge fata da wannan haɗi, a tsane da ƙyallen gos, sannan a bi da sifirit. Da ana yin mataki na ƙarshe yadda ya kamata, da ya kashe yawancin abin da na farko ya bari, domin Serratia ba ta jure sifirit mai ƙarfin kashi 70. Amma ana shafa shi ana tsanewa nan take, saboda gaggawa a tiyatar haihuwa, da kuma tsoron gobara in aka kunna na'urar ƙona jijiyoyin jini alhali fata na jiƙe. Tsoron yana da tushe, an sha samun gobara ta wannan hanya a ɗakunan tiyata na duniya, sai dai maganinsa shi ne a jira ya bushe da kansa, abin da masu yin maganin suke ƙiyasta wa kamar minti 3 a fatar da ba gashi, domin a cikin wannan jiran ne yake yin aikinsa. Askin reza da daddare kuma ya bar ƙananan tsage-tsage a fata, inda ƙwaya ke samun mafaka ta hayayyafa kafin safiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2016 kan kare raunin tiyata, ta ce kada a yi aski da reza sam, in cire gashi ya zama dole a yi da injin aski.

An ɗebi samfur daga kwalbar, da kwanon auduga, da tulun hantsaki, da kwalbar sifirit, da ta aidin. A gwajin farko ba abin da ya tsiro, har mai asibitin ya ce ai ga shi nan. Ma'aikacin gwajin ne ya tuna cewa in aka ɗiga maganin kashe ƙwaya kai tsaye a farantin shuka, ragowar maganin yana hana ƙwayar tsirowa ko da tana raye, don haka sai an sirka samfurin a ruwan da ke ɗauke da sinadarin da ke karya ƙarfinsa, irin su lesitin da folisobet 80. Wannan shi ne tushen gwajin da Kelsey da Maurer suka tsara a Ingila a 1966 domin duba magungunan da ake tsaka da amfani da su a asibiti, kuma ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Da aka sake bisa wannan tsari, Serratia ta tsiro daga kwalbar, da kwanon, da tulun, da irin jerin magungunan da aka gani a majinyatan. Sifirit da aidin da galan ɗin asali da ba a sirka ba sun fito da tsabta. Ba a yi gwajin ƙwayoyin gado da zai tabbatar cewa zuriya ɗaya ce ba, saboda tsadarsa, amma hujjar da ke hannu ta isa a ɗauki mataki. A ra'ayina audugar ɗakin kwanciya ta fi teburin tiyata zama abin zargi, tunda an goga ta a ɗinkin da bai cika kwana biyu ba, lokacin da bakin rauni bai gama haɗewa ba, kuma ba a bi ta da sifirit ba ko kaɗan.

Shin bijirewa ce?

Mai asibitin bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma nan ne lamarin yake bukatar natsuwa. Kuloheksidin, wanda kamfanin ICI ya samar a Ingila a shekarun 1950, yana manne wa bangon bakteriya ne ya huda fatar da ke riƙe da abin cikinta. Wasu ƙwayoyin, irin su Proteus da Providencia da Pseudomonas da Burkholderia da ita Serratia, suna da ƙarin rufi a waje wanda ke rage shigarsa, da kuma wasu ƙananan famfuna a jikinsu masu tura shi waje in ya shiga. Wasu kuma samun wannan dabara suke yi daga baya. A cikin Staphylococcus aureus akwai ƙwayoyin gado da ake kira qacA da qacB da smr, masu gina irin waɗannan famfuna, kuma sau da yawa suna tafiya ne a kan guntun gadon da bakteriya ke miƙa wa juna, tare da waɗanda ke ba da kariya daga magungunan sha da na allura. A wani rahoto na 2010 daga sashen kulawa ta musamman na asibitin St Thomas da ke Landan, wanka da kuloheksidin ya rage yaɗuwar yawancin nau'o'in MRSA, wato Staphylococcus aureus wadda ba ta jin magunguna irin su kuloksasilin, amma bai rage wani nau'i da ake kira TW ba, wanda ke ɗauke da qacA/B.

Sai dai a dubi adadi. Kuloheksidin mai kashi 2 cikin ɗari yana nufin miligiram 20,000 a kowace lita, alhali abin da ke hana Staphylococcus girma, ko da mai famfon ce, 'yan miligiram ne a lita. Tazarar ta kai ninki dubbai. Amma haɗin galan ɗin nan in aka sirka kashi 1 cikin 30 ya koma miligiram 500 a lita, in kuwa kashi 1 cikin 100 ne, 150 kawai ya rage. Daga nan auduga ta shanye wani kaso, domin tana riƙe kuloheksidin da setirimaid, ragowar sabulu ta karya wani, gishirin da ke cikin ruwan rijiya ya kwantar da wani. Abin da ya saura a kwanon da rana ta yi tsaka ya faɗo cikin iyakar da ƙwaya irin Serratia za ta iya rayuwa. Ƙari a kan haka, a jikin kwalbar da ba a wankewa ƙwayoyin suna gina wani yauƙi su lulluɓe kansu a ciki, kamar wanda ke kama cikin randar da ake ta ƙara wa ruwa ba a ɗauraye ta, kuma a cikin wannan yauƙi magani ba ya kai musu yadda yake kai wa wadda ke yawo ita kaɗai. A 1981 Marrie da Costerton sun ba da rahoto daga wani asibiti a Kanada inda Serratia marcescens ta gurɓata ruwan wanke hannu mai kuloheksidin kashi 2, suka ga ƙwayoyin a manne a bangon kwalabe cikin irin wannan lulluɓi, kuma ta rayu a cikin maganin har wata 27. Wato ko mai ƙarfin ma, in na ruwa ne kuma ana ƙari a kan saura, bai tsira ba.

Abin da ya fi tayar da hankali a ganina shi ne abin da raunanan magani ke koya wa ƙwaya. A 2017 masu bincike a Ingila sun riƙa shayar da bakteriyar Klebsiella pneumoniae kuloheksidin kaɗan-kaɗan suna ƙarawa, sai 5 daga cikin nau'o'i 6 da suka saba da shi suka daina jin kolistin, wanda yana cikin magungunan ƙarshe da ake komawa gare su in sauran sun gaza. A ɗakin gwaji aka yi wannan, amma kwalbar da ake ta ƙara mata ruwa wata da watanni irin wannan yanayin take samarwa ba tare da kowa ya shirya ba.

Aidin yana kai hari ta fuskoki da yawa a lokaci guda, shi ya sa ba a tabbatar da bakteriya ta koyi bijire masa ba, amma shi ma ana iya gurɓata shi: a 1980 an samu ƙwayar da yanzu ake kira Burkholderia cepacia a cikin kwalaben fobidon-aidin a asibitocin New York, tun daga masana'anta. Irin waɗannan aukuwa ne suka sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 2013 ta nemi kamfanoni su riƙa ƙunshe magungunan goge fata a ma'aunin amfani sau ɗaya. Har yau kuma babu wata iyaka da masana suka amince da ita wadda za a ce ƙwayar da ta haye ta ta bijire wa maganin goge fata, saɓanin yadda ake da ita a magungunan antibayotik, don haka ɗakin gwajin ba zai iya ba mai asibitin takardar da ke cewa "ta bijire" ko "tana ji" ba.

Wane magani za a saya

Shawarar mai asibitin tana da madogara. Binciken da Darouiche da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2010, a kan majinyata 849, ya sami gurɓacewar rauni kashi 9.5 cikin ɗari ga waɗanda aka goge da kuloheksidin a cikin sifirit, da kashi 16.1 ga waɗanda aka goge da fobidon-aidin na ruwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar na farkon a 2016. Amma a wancan gwaji ɓangare ɗaya ne ke da sifirit, don haka ba dukkan ladan ne na kuloheksidin ba. Sannan a 2021 aka wallafa binciken FALCON, wanda aka yi a asibitoci 54 na ƙasashe 7, ciki har da Najeriya da Gana da Benin, a kan majinyata 5,788 da aka yi wa aikin ciki. Kusan kashi 22 cikin ɗari raunukansu sun gurɓace, kuma ba a ga bambanci ba tsakanin kuloheksidin kashi 2 a sifirit da fobidon-aidin kashi 10 na ruwa. A shekarar da ta biyo baya, binciken ChEETAh na wannan rukuni ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki ya sauke adadin daga kashi 18.9 zuwa 16.0. Ga asibitin da majinyatansa ke biya daga aljihu, wasu ma da karo-karo, wannan yana nuna inda ya fi dacewa kuɗi ya tafi.

Aka tsaya a kan haka. An zubar da kwalbar da kwanon da tulun, aka daina sirka magani a asibitin gaba ɗaya. Fobidon-aidin kashi 10 da sifirit kashi 70 ake sayowa yanzu a ƙananan kwalabe masu lambar NAFDAC, ana rubuta ranar buɗewa a jiki, ana tsiyaya abin da majinyaci ɗaya zai bukata a kwanon da aka dafa, abin da ya rage a zubar. Kuloheksidin a cikin sifirit an tanade shi domin masu rashin jituwa da aidin. Hantsaki ya koma busasshe a cikin ƙunshin da aka turara. Wankin rauni a ɗakin kwanciya ya koma da ruwan gishiri na asibiti da gos busasshe daga ƙunshi, kuma ba a buɗe bandejin farko kafin awa 48 sai da dalili. An sayi injin aski, an kuma ɗora wa ma'aikaciyar jinya mai zagayawa a ɗakin tiyata duba agogo ta faɗa da baki cewa fata ta bushe kafin a shimfiɗa ƙyallen rufi. Mai sharar da aka so a sallama an bar ta a kan aikinta bayan shugabar ma'aikatan jinya ta nuna cewa ba wanda ya taɓa ba ta awo ko horo.

Akwai gurbi guda da binciken ya bankaɗo wanda ya fi sauran wahalar cikewa. Ma'aunin da ake bi shi ne duk gurɓacewar da ta bayyana cikin kwana 30 bayan aiki ta tiyata ce, amma asibitin waɗanda suka dawo da kansu kawai ya sani, alhali da yawa daga majinyatansa Hausawa da an cire zare suke hawa mota zuwa gida, wasu kuma a kemis suke ƙarewa. An buɗe rajista ana karɓar lambar waya biyu, ta majinyaci da ta wanda ya kawo shi, kuma ma'aikaciyar jinyar mai jin Hausa ce ke kira a cikar kwana 30 ta tambayi zazzaɓi, da kumburi, da fitar ruwa, da ko an sha wani magani a waje. Gwajin kwalaben da ake amfani da su kuma an sa shi duk wata uku, asibitin ne ke biya, ba majinyaci ba.